Ni ne mai kiɗan bayan rumfa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya, ya iyali, ya haƙuri da hanya. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, ko harafin farko kada ka bari, garinmu ƙarami ne, in mutum ɗaya ya gane ni to kowa ya gane. Don Allah ku ba ni shawara. Saura sati biyar a ɗaura min aure da yarinyar da nake so kamar raina, kuma akwai abin da na ɓoye mata, na ɓoye wa iyayenta, yanzu ya taso zai fito ko ina so ko ba na so.

Ni malamin firamare ne a Talata Mafara, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ina kaɗa jita, irin mai tsirkiya huɗu masu kauri da ake kira bes, wadda take riƙe ƙasan kiɗa, mutum ya ji ta a ƙirjinsa kafin ya ji ta a kunne. Na koya ne lokacin da nake karatun koyarwa, wurin wani ɗan ɗakinmu mutumin kudancin Kaduna da yake kaɗa wa cocinsu. Ranar da za mu rabu ya bar min tsohuwar tasa. Na shigo da ita gida a naɗe cikin tabarma, domin mu ba mu gaji kiɗa ba. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai kame kai, in aka ce masa ɗansa makaɗi ne ban san da wace fuska zai shiga masallacin unguwa ba.

Matsalar bes ita ce in ba ka haɗa ta da lasifika ba kusan ba ta da murya, in kuwa ka haɗa har kwanukan maƙwabta sai sun motsa. Shekara guda ta yi a ƙarƙashin gadona ina kallonta kamar masoyiyar da aka hana ni magana da ita. Sai abokin nan nawa ya ce in nemi wata 'yar na'ura da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa, fedal ake ce mata, irin wadda take gyara sautin jita ta ƙara masa ƙarfi kafin ya wuce gaba. Ya turo min hoton guda biyu. Ta farko babba ce mai maɓallai da yawa, tana sa sauti ya yi gurnani, ya ce ita ta fi dacewa da filin biki. Ta biyu ƙarama ce, abin murɗawa huɗu kawai, ɗaya na ƙarfin sauti, uku na ƙasa da tsakiya da sama. Amma tana da ramin iyafis, abin sauraren nan da ake sawa a kunne, tana da ramin da za ka haɗa wayarka ka bi waƙa, tana aiki da batir ko babu wuta, kuma tana da mafita mai haƙora uku da take kai sauti kai tsaye zuwa miksa, na'urar da take haɗa sautuka ta tura wa lasifika, komai tsawon waya ba tare da ya lalace ba. Ya yi ta ba ni shawarar ta farko. Ni kuwa ramin iyafis ɗin nan kawai na gani, na ce ta biyu nake so.

Tun daga nan rayuwata ta rabu biyu. In na taso makaranta sai in turo ƙofa, in toshe kunnuwana, duniya ta cika da sauti, alhali wanda yake tsakar gida ko motsi ba ya ji. Inna ta taɓa shigowa ta ga fedal ɗin a ƙasa da 'yar jar fitilarta, jitar na bayan katifa, sai ta miƙo min wayarta ta ce in sa mata caji.

Daga baya na haɗu da wasu masu kiɗan biki. Mawaƙin, wanda shi ne shugaba, zan kira shi Oga, mai fiyanon kuma zan kira shi Sani, ba sunansa ba ne. Na shiga cikinsu da sharaɗi ɗaya, ba za a gan ni ba. Yadda muke yi shi ne, in an kafa rumfa sai in zauna a bayanta, ko cikin wani zaure, ko bayan motar kaya. Doguwar waya ta tashi daga fedal ɗina ta bi ƙarƙashin tamfol zuwa miksa, wata kuma ta dawo min da muryar Oga cikin kunne. Ranar farko a Tsibiri janareta ya sa lasifika ta yi ta ƙugi kamar an tsokani zuma, har na gano wani ɗan maɓalli a gefen fedal ɗin da yake kashe ƙugin. Tun daga ranar ba mu ƙara samun matsala ba. Shekara uku ke nan muna zagaya Mafara da Bakura da Maradun, da rana muke yi mu tashi kafin magariba saboda halin da hanya take ciki, kuma duk wanda ya ji sautin nan mai nauyi ya ɗauka daga hannun hagun Sani yake fitowa.

A wani biki a Dakko na fara ganinta. Zan kira ta Nuratu. 'Yar Bakura ce, sana'arta lalle da kwalliyar amare, shi ya sa kusan duk bikin da muka je tana can. Tamfol ɗin da nake bayansa yana da 'yar yagewa, ta nan na hango ta zaune gefen amarya, ta tsaya da lallen a hannu, ta lumshe ido, kanta yana bin kiɗa. Na lura ba muryar Oga take bi ba, ba ganga ba, abin da yatsuna suke yi take bi. Na ce bari in gwada. Na taka fedal na yanke sautina. Nan take ta buɗe ido tana waige-waige kamar wadda aka fizge wa mayafi. Na sake takawa, sauti ya dawo, ta yi murmushi ta mayar da idonta. 'Yan uwa, ni tun ina ƙaramar sakandare nake satar littattafan soyayyar yayata ina karantawa a cikin littafin lissafi, na karanta haɗuwar masoya iri-iri, amma ban taɓa karanta irin wannan ba. Na koma gida ina jin Allah ya rubuta min labarina na kaina.

Na nemi gidansu, na je a matsayin malamin makaranta, aka karɓe ni. Niyyata in faɗa mata, amma ina jiran ranar da ta dace, irin ranar da ake ajiye babban sirri a littafi, in ce mata Nuratu, wanda kike lumshe wa ido ni ne. Kullum in na je sai in ga ranar ba ta kai ba. Ana haka ita ta fara kawo zancen. Ta ce tunda ina da sanayya da masu kiɗan nan, in gaya wa mai fiyanonsu Allah ya yi wa hannunsa na hagu albarka. Na yi dariyar yaƙe na ce zan faɗa. Wata rana har dambun nama ta ƙulla ta ba ni, wai tukuicin mai hannun hagu. Ni na ɗauka a mashin ɗina na kai, na zauna ina kallon Sani yana ci yana cewa, "Ango, ka ce mata ta ƙara yaji gaba, hannun ga yana wahala." Ban taɓa sanin mutum zai iya kishi da kansa ba sai ranar.

Akwai bikin da aka yi a Garbadu ina kwance da zazzaɓi ban je ba, Sani ya cike gurbina da fiyano. Da na warke na je wurinta, sai ta ce kiɗan ranar iya kunne ya tsaya, bai sauko ƙirji ba, ko mai fiyanon ba shi da lafiya ne. Na ce wataƙila duk ɗaya ne, kunnenta ne. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Malam, kai dai alli ka sani, bar mu da abinmu." Kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Ni kuma ina ɗaki ina murna ina baƙin ciki lokaci guda.

Babban kuskurena shi ne lokacin bincike. Mahaifinta ya wakilta ƙanensa, Baffa, dattijo manomin shinkafa. Ranar kasuwa ya shigo Mafara ya sa aka kira ni, muka gaisa doguwar gaisuwa a rumfar wani abokinsa, sannan ya ce an ce ana ganina bisa mashin ina bin makaɗa da tabarma a baya, mene ne haɗina da su. Bakina ya riga tunanina, na ce wayoyi nake haɗa musu. Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Gyaran waya sana'a ta, ba laifi. Mu dai ba mu ba makaɗi ɗiya, ba a taɓa yi ba gidanmu, kuma ba bisa kaina za a fara ba." Ya sa min albarka, har goro ya ba ni. A kan wannan amsa aka karɓi kayan gaisuwa, a kanta aka sa rana. Na yi ta lallashin kaina cewa ai da gaske ina haɗa wayoyi, amma duk sallar da na yi sai maganar ta dawo min.

To ga inda abin ya ƙulle. Satin da ya wuce Nuratu ta ce ita ba ta da dogon buri a bikinmu, ba ta damu da yawan akwati ba, abu ɗaya take roƙo. Masu kiɗan nan su za su yi wunin bikinmu, kuma lokacin da sautin nan zai shigo tana so ina zaune kusa da ita, don ko sau ɗaya in ji abin da take ji. Tana faɗa idonta yana ƙyalli. Na ce in sha Allah. Na hau mashin ban san yadda na iso gida ba. Ango ba zai zauna gefen amarya kuma ya zauna bayan rumfa ba.

Kafin ku ce a nemo wani, mun nema. A yankin nan ban san mai kaɗa bes ba sai ni. Mun samu wani daga Gusau, ya turo abin da ya kaɗa, gwani ne ya fi ni, amma hannunsa daban, mai gudu ne, ni kuwa a hankali nake tafiya ina barin sarari, kuma wadda ta gane bambanci a Garbadu za ta gane wannan. Na ce to in ɗauki nawa a waya a saka ranar. Oga ya ce ba zai yiwu ba, shi waƙarsa bin mutane take yi, in uwar amarya ta shigo fili sai ya juya ya kama kirarinta, abin da aka ɗauka ba ya juyawa. Daga nan muka yi ba daɗi. Oga ya ce shekara uku ina jin kunyar sana'ar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita, ya yi shiru ne kawai don yana son hannuna, amma kullum in na zagaya bayan rumfa ji yake kamar na tofa masa miyau. Ban taɓa tunanin haka yake ji ba. Sani kuma ya ce shi wasa ya ƙare, labarin dambu ya kai kunnen matarsa, an ce wata mai lalle tana aiko masa da abinci, kwana uku ana shari'a a gidansa. Ya rantse cewa bikin da za mu yi ranar Asabar a Maradun, wanda Nuratu ce za ta yi wa amarya lalle, in ta ƙara aiko masa da ko gaisuwa ce zai faɗa mata gaskiya da bakinsa.

Na gwada bari. Na mayar da fedal cikin kwalinta, na naɗe jita, na ce na tuba. Kwana shida na yi. Ina cikin aji yara suna karatu sai in tsinci yatsuna suna tafiya a gefen tebur. Kuma ko na bari, ƙaryar da na yi wa Baffa tana nan, kuma na raba Nuratu da abin da take so ba tare da ta san dalili ba. Jiya da la'asar na je da niyyar faɗa mata. Ta kawo min ruwa, ta ga kantar da ke kan yatsuna, ta tambaya, na ce fartanya ce. Ta yi dariya ta ce malamin da ko tumatir bai taɓa shukawa ba. Na sha ruwan na yi sallama.

In na faɗa mata ita kaɗai, na san zuciyarta, wataƙila ta yi kuka ta yafe, wataƙila ma ta ƙara sona, amma na ɗora mata ɓoye wa iyayenta abin da sun riga sun faɗi matsayinsu a kai, mu fara zama a kan haka. In na je wurin Baffa, dattijo ne da ba ya magana biyu, zai iya mayar da kayanmu, kuma kafin in dawo Mafara labari ya riga ni zuwa wurin mahaifina. In na yi shiru, Sani zai faɗa, ta ji daga bakin wani cewa wanda za ta aura ya zauna yana kallonta tana yabon wani a kan abin da yake nasa.

Don Allah iyayenmu da ke cikin zauren nan, in ɗanku ne ko surukinku, me zai sa ku saurare shi? Akwai wanda ya dace in tura gabana, ko in je da ƙafata? Ku kuma 'yan uwa mata, in ke ce Nuratu, za ki iya zama da mutumin da ya ɗauki dambunki ya kai wa wani don tsoro? Wa zan fara tunkara, ita ko Baffa? Ku faɗa min gaskiya ko da zafi, zan karanta duka har da zagin, na san na ci a zage ni. Yau Laraba, bikin Maradun gata ne.