Jar Alama a Gindin Kati

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Taufiq ya turo jerin dangi ta waya daga Mayahi, na katin aurensa da Nana Firdausi. Wai in kai wa Zalika ta tsara a sakatariyarta, shagon buga takardu na bakin tasha. Na ce ni zan tsara, ga ordinatar, wato kwamfutar da ya bar mini, tana zaune ba aiki, kamar ni. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da 'ya'yan mutane, a ce katin ɗana sai na kai wa yarinyar da ni na koya mata riƙe alƙalami.

Na zuba jerin a shafi yadda ya zo. Ban tsaya karantawa ba. Na san dangina.

Talata, 5 ga Nuwamba

Shafin cike yake da layukan da ba ni na ja su ba. Shuɗi a tsaye, shuɗi a kwance, wani ruwan hoda ya zagaye duka. Awa biyu ina neman goge su, sun ƙi. A gindin rubutun kuma ga wani ɗan akwati ja da alamar tarawa a ciki. An ɗauke wuta sau biyu. Matata Kadijatu ta leƙo ta ce in da mutum nake wannan faɗan da tuni maƙwabta sun shigo rabo.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na taka har bakin tasha, na wuce ƙofar Zalika, na dawo.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na shiga. Ta miƙe ta ba ni kujerarta, har yanzu Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin boko. Ta ce layukan ba sa fitowa a takarda, jagora ne kawai don rubutu ya tsaya daidai. Na ruwan hodan shi ne iyaka, abin da ya wuce shi sosai wuƙar yanka kati za ta ci.

"Jan layin kaye ne fa, Mushe, na littafin rubutu. Ku da kuke buga mana rula in mun tsallake shi."

Ban yi dariya ba. Ita ta yi.

Jan akwatin, in ji ta, gargaɗi ne: rubutu ya fi wurinsa yawa, ragowar ta ɓoye a ƙasa, kuma abin da ya ɓoye inji ba ya buga shi. Ta kai hannu za ta buɗe, na ce ta bari.

A gida na ja gindin rubutun ƙasa. Layi ɗaya ne tak. Iyalan Halilu Yahaya, a Isawan.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Shekara goma sha biyu ban yi magana da ƙanena Halilu ba. Ranar da Inna ta rasu ina taron malamai a Maradi, kafin in isa Isawan an kai ta. Ban zarge shi da wannan ba, haka addini ya ce. Amma da na duƙa zan zauna kan tabarma, a gaban mutanen gari ya ce a kawo wa Mushe kujera kada wandonsa ya taɓa ƙasa. Ni aka tura lakwal karatun boko, shi aka bar wa awaki. Ba ni na zaɓa ba. Kuma me lakwal ɗin ta tsinana mini?

A nan ba wanda ke karanta kati don ya san ranar aure. Wanda babu ake nema. In kati ya fita ba Halilu, daga Tasawa har Isawan an gane an yanke shi ke nan. Kuma ba da hannuna ba. Inji ya ɓoye, ni tsoho ne, ban san alama ba.

Sai dai tun jiya na sani.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kira Taufiq, na yi ta zagaye kan shinkafa da rumfa. Shi ya tare ni.

"Baba, ni na sa Baba Halilu. In kun cire, ba zan ce komai ba."

Da ma gardama ya yi mini, da na san abin faɗa.

Na kasa zama. Na share tsakar gida da aka riga aka share.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Don gwaji kawai. Na rage girman baƙaƙe, layin ya shigo, amma ko da tabarau sai na kai hanci. Tsofaffin danginmu na garin Bawdeta ba za su ga sunansu ba, na mayar. Na bar rubutun ya tsallake iyaka, Zalika ta buga ɗaya ta yanka. Wuƙar ta bi ta tsakiyar sunan, aka bar kawunan baƙaƙe ba ƙafafu. Na daɗe ina kallon abin. Ta ce ba wata dabara, sai layi ɗaya ya fita, kuma gobe da safe za ta buga duka.

Na karanta jerin sau shida. Gidan kawun amarya ba ya ciruwa. Na Halima ƙanwar Kadijatu, in na taɓa shi ba ni da tuwo.

Litinin, 11 ga Nuwamba

An buga ɗari uku. Sun fita tsaf.

Akwai layin da na ƙara da kaina a ƙarƙashin sunana: tsohon daraktan lakwal, da shekarun aiki, da lambar yabon da aka maƙala mini ranar sallama. Ya cushe katin, shi ya sa na cire. Duk Tasawa an san ko ni wane ne, wanda bai sani ba kuma kati ba zai koya masa ba. Ina cirewa jan akwatin ya ɓace. Maganar tsari ce, ba wani abu ba.

Motar Ɗanladi direba tana zuwa Isawan jibi. Na ware ɗaya. Ban rubuta komai a ciki ba, sunan Halilu ne kawai a bayan ambulan.

Ambulan biyu na ɓata kafin in rubuta shi daidai.