Ƙofar Gaban da Ka Shafa wa Fenti

Zuwa gare ka Auke, sanyin idona, ranar da ke leƙo ni bayan doguwar dusar ƙanƙara, tudun da zuciyata ke hawa in ruwa ya taso. Assalamu alaikum.

Sai da na yi alwala na ɗauki biro, don kada Shaiɗan ya riƙe mini hannu. Tun ina makarantar allo aka tsoratar da ni a kan zato, na kuwa yi istigfari har harshena ya gaji. Amma Auke, ido fa ya gani!

Shekaranjiya ina shanya na hango ka durƙushe a ƙofar gaban gidanku, kana kankare ta, kana shafa mata koren fenti, kana ɗiga wa sakata mai. Ƙofar da rabonta da buɗuwa tun fitar gawar mahaifiyarka! Na daɗe a ƙauyen Turawan nan ina jinyar tsofaffinsa, na san kowa ta baya yake shiga, ta gaba sai amarya ko makara. Trynke maƙwabciyata ta leƙo ta kan shinge, wai, "Saudatu, ke za a shigar ne, ko shi za a fitar? In biki ne faɗa da wuri, sai na rage tumbi rigata za ta shige ni." Na yi dariyar yaƙe.

Domin ni ba ka ce mini uffan ba. Duk Talata kana hawa motar birni, in na tambaya ka ce, "Ba laifi." Ku dai mutanen nan, biki ba laifi, gobara ma ba laifi! Wandonka ya yi maka yawa, hasken raina. Wata ce a can? Ko likita ne?

Kai ka ba ni labarin kakanninku da suka tara laka da kashin shanu suka tayar da tudun da ƙauyen nan ke kai saboda ambaliyar teku, jikoki kuma suka haƙe shi suka sayar a matsayin taki, jirgin ruwa bayan jirgin ruwa, har coci kaɗai ya rage a tsaye bakin gaɓa. Haka nake ganin ana kwashe mini kai.

Ka manta shekarar da kogi ya daskare, ka ba ni kujera ina dafawa ina turawa don in koyi sulɓi a kan ƙanƙara, hijabina na kaɗawa, kana biye kana cewa, "Kada ki dubi ƙasa, 'yar birni, ina nan"? Ina kake yanzu?

In wata ce, faɗa mini, zan yi kukana in yi maka addu'a. In ciwo ne, wallahi makara ba za ta riga ni bin ƙofar nan ba. Limamin da ka karɓi kalmar shahada a hannunsa yana raye, a ɗaura mana aure, in yi jinyarka da halal ɗina.

Gobe bayan la'asar ina tafe, kuma ba ta baya ba. A gaba zan tsaya in ƙwanƙwasa, duk ƙauye na kallo ta tagoginsu marasa labule. Zan jira, tsayuwa ba ta gajiyar da ni.

Taka har a naɗe ƙasa,
Saudatu