Ledar Gishirin da Na Zubar a Bayan Gonar Baba Ishaya

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kira ma duk na canza su. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma zuwa ranar Alhamis kawai nake da lokaci.

Ni ɗan kasuwa ne, ban iya kwana-kwana ba, bari in fara da abin da ke ƙasa. Shanu huɗu sun tafi: biyu mushe, biyu an yanka da gaggawa, ɗaya a cikinsu da ciki. Gona ɗaya tana shirin barin hannun dattijon da ya gaje ta wurin ubansa, sunansa kuma ya ɓaci a ƙauyensu. A nawa ɓangaren akwai shago, akwai sito, akwai mutuncin da na shekara ashirin ina tarawa a Mubi. Duk a kan leda.

Sana'ata sarin gishiri, suga da kayan ɗanɗano. Ba wanda ya ba ni jari. A gindin bishiya na fara a Sabon Layi, da buhun gishiri ɗaya da takardar siminti da nake yankawa in naɗe wa mata awo a ciki. Na san takarda, na san halinta: da damina gishiri yana gumi, kafin mace ta kai gida takarda ta yage, ta dawo tana yi maka masifa. Da hannuna ya yi ƙarfi sai na koma leda, na samo wata shuɗiya mai farin layi, nake ƙulla gishiri ƙanana-ƙanana ina ba masu tebur a ƙauyukan hanyar Kwaja da Gella. Matata, Maman Hafsa, tela ce. Ta daɗe tana ɗinka jakar cefane da buhun shinkafa, mai hannu biyu, ƙaƙƙarfa, ta kai shekara ana wankewa ana sake amfani da ita. Sau da yawa tana ce mini in rataye su a shago, wai ledata ta toshe mana kwatar unguwa, akuyar maƙwabta ma ita ta kashe. Dariya nake yi mata. Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne, mai zuwa da jakarta da mudu take saye, tana kallon awo da idonta, har ta ce a ƙara. Ƙulli kuwa wa yake aunawa? Ribar tana cikin ƙullin. Na duba takarda, na duba jaka, na duba leda, na zaɓi wadda ta fi kawo mini, kuma a lokacin ban ga laifin kaina ko kaɗan ba.

Ina da ɗan sito a wani ƙauye a hanyar Kwaja, inda nake ajiye kayan masu tebur. Daminar bana rufin ya yi yoyo ban sani ba, ruwa ya kwanta a ƙasa kusan mako. Da na buɗe na tarar buhu shida na ƙullin gishiri sun jiƙe, laka ta shiga, ba na sayarwa ba ne. Ya kamata in haƙa rami in binne, ko in zazzage gishirin in ƙona ledar. Na san haka. Amma na ga aikin yini guda ne, ga kasuwa tana jirana, ga baƙin cikin asara. Sai na loda su a motar kayana da kaina, ranar Lahadi da hantsi, na gangara wani kwari da ke bayan gonar Baba Ishaya na juye su duka. Me ya sa Lahadi? Don na san Baba Ishaya da iyalinsa suna coci, ba mai tambaya ta. Ashe tun a lokacin zuciyata ta san ba daidai nake yi ba. Na ce wa kaina ruwan sama zai narkar da gishirin, ya ja ledar zuwa mayo, wato rafi, shi ke nan. Ni da na girma a garin da shanu suka fi komai yawa a kasuwarsa, ta yaya na manta abin da saniya take yi idan ta ji ƙanshin gishiri? Ta wannan kwarin garken Malam Buba yake bi zuwa shan ruwa kullum.

Baba Ishaya manomi ne, dattijo, ya haura saba'in. Tun ina yawo da buhu a keke yake ba ni ruwa a ƙofar gidansa, yana ce mini ɗansa. Malam Buba kuma makiyayi ne da aka haifa a nan, ubansa da uban Baba Ishaya tare suka tsufa. Saɓani ɗaya suka taɓa yi, bara, da shanun suka shiga masarar Baba. A cikin fushi Baba ya faɗa a gaban mutane cewa duk ranar da suka sake zuwa kusa da gonarsa ba za su koma lafiya ba. An sasanta, an biya, kowa ya manta. Ko in ce kowa ya ajiye maganar a wani wuri.

Bayan kamar mako uku shanun suka fara ramewa, ciki a kumbure, sun daina tuƙa. Biyu suka faɗi a ruga. Da aka yanka ta uku, mahauci ya farke tumbi ya zaro leda a murɗe kamar igiyar guga, shuɗiya mai farin layi. Aka bi sawun garken har kwarin, aka tarar da ragowar ƙulli a maƙale a ciyawa, wasu da ɗan gishirinsu. Ruwa ya riga ya tafi da mafi yawa, abin da ya rage bai fi wanda mutum ɗaya zai iya saye ba. Nan take aka tuna maganar bara. Aka ce tarko ne, Baba Ishaya ya zuba gishiri a leda da gangan.

Ga inda na fi jin kunya. Jauro, wato mai garin ƙauyen, ya aiko a kira ni, tun da kowa ya san ledar tawa ce. Na tafi, na ma shirya faɗin gaskiya a hanya, wallahi na shirya. Da na isa na ga taro, matasan ɓangare biyu a tsaye kowa fuska a ɗaure. Jauro bai tambaye ni ko ni na zubar ba, bai ma kawo hakan a ransa ba. Cewa ya yi, “Alhaji, abu ɗaya za mu tambaye ka. Ishaya yana sayen gishirin nan a wurinka?”

Na ce, “Yana saya, ranka ya daɗe.”

Ban yi ƙarya ba, ko? Yana saya, kamar yadda kowane gida a ƙauyen yake saya, har rugar Malam Buba. Amma ban ƙara wannan ba. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka nauyin dattijon nake ji. Baba Ishaya ya ce a kawo Littafi Mai Tsarki ya rantse, aka kawo ya rantse. ’Yan’uwan Malam Buba suka ce rantsuwa ba ta tayar da saniya. Shi Malam Buba bai ɗaga murya ba, hawaye kawai na gani a gemunsa, yana cewa mai cikin nan ita ce ’yar saniyar da ubansa ya bar masa. Aka tashi a kan Baba zai biya, don a kashe wutar kafin ta zama ta addini.

Da na koma gida, maimakon in gyara sai na shiga ɓoye sawu. Na kwashe duk shuɗiyar ledar da ta rage na sayar wa wani mai tsallakawa Kamaru a kan asara. Na ce wa Maman Hafsa ta ɗinka jaka iya ƙarfinta. Na koma naɗe awo a takarda, mai sayen da yawa kuma in ba shi jakar buhu a kan kuɗi kaɗan, wanda ya dawo da tasa in ƙara masa gishiri cikin hannu. Duk wanda ya tambaya sai in ce mutuwar shanun nan ce ta taɓa ni, ba zan ƙara sayar da abin da mugu zai cuci dabba da shi ba. Kun ji? Mugu na ce, da bakina. Abin da ban zata ba shi ne kasuwar ta karɓa. Mata suna zuwa daga wasu unguwanni don jakar, wasu masu shago biyu sun kwaikwaye ni, limaminmu ya kira sunana bayan sallah ya ce a yi koyi da ni. Matata ta ƙara keken ɗinki na biyu, tana ɗinki tana waƙa, rannan ta ce mini, “Baban Hafsa, shekara nawa ina faɗa maka? Ashe sai saniya ce za ta yi maka wa’azi ka ji.” Na yi dariya tare da ita, na tashi na bar mata ɗakin. Malam Buba da kansa ya zo shago da kwalbar man shanu, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da kowa irina ne da dabba ta huta. Kwalbar tana nan a sito, ban iya kai ta gida ba, ban iya zubarwa ba.

Shi kuwa Baba Ishaya, watanni biyu ke nan ba ya zama a majalisar bakin hanya. Matan ruga sun daina kai nono gidansa. Matarsa ta kai gyaɗa kasuwa ta dawo da ita, har wasu ’yan cocinsu suna cewa a ɓoye wataƙila dai ya yi, ai ya faɗa da bakinsa. Mutumin da ya yi zaman lafiya da maƙwabtansa shekara saba’in.

Jiya da safe ya zo shagona, ya rame, ya zauna a kan benci. Shekara uku da suka wuce na taɓa neman ya sayar mini da gonar don in faɗaɗa sito, ya ƙi, ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ita ce ya zo da maganarta, a kan rabin kuɗinta.

“Alhaji ɗana, ni ban yi abin nan ba, Allah yana gani. Amma na gaji. Gonan nan da ka nema, ka zo ka saya, in biya Buba in huta.”

Na ce, “Baba, a ɗan ƙara haƙuri mana, ko gaskiya za ta fito.”

Ya ce, “Daga ina zai fito? Gara kai da wani. Kai na san ka, ba za ka cuce ni ba.”

Ya ce Jauro ya sa ranar Alhamis, a yi cinikin a gabansa, a miƙa wa Malam Buba kuɗin a wurin. Na raka shi har bakin titi na biya masa kuɗin motar Gella, har godiya ya yi mini.

Tun jiya nake juya abin. Idan na tashi ranar Alhamis na ce ni ne, biyan shanu huɗu zai cinye jarina, wataƙila har motar. Wannan zan iya ɗauka, na taɓa farawa daga buhu ɗaya. Abin da ke tsorata ni shi ne wa zai yarda sakaci ne ba shiri ba? Kowa ya san na taɓa neman gonar. Za a ce na zuba gishirin a bayanta don a kore shi, na ba da shaida a kansa, na zo in saye a arha. Ni Musulmi, shi Kirista, a garin da muka san abin da ƙaramar magana take iya zama. Matasan da na gani a ƙofar Jauro za su tsaya sauraron bayanina? ’Ya’yana fa da ke tafiya makaranta a ƙafa? Na yi tunanin in biya kuɗin shanun a ɓoye ta hannun wani, in ce taimako ne, gonar ta tsira. To sunansa fa? Zai mutu ana ce masa wanda ya kashe shanun maƙwabcinsa, ni kuma a ƙara yabona a kan na taimaki dattijo. Na yi tunanin in fara zuwa wurin Malam Buba ni kaɗai, ko wurin Jauro, ko in fara da matata, amma duk lokacin da na buɗe baki a gabanta sai in ji ƙarar keken nan in fasa.

Duk rayuwata ban taɓa shiga cinikin da ban san ribarsa ba. Wannan na auna shi ta kowane gefe. Idan na yi shiru, shago yana nan, kasuwa ta ƙaru, yabo ya ƙaru, ga gona a rabin kuɗinta. Ban taɓa samun riba irin wannan ba, kuma na kasa haɗiye ko lomar tuwo. Idan na yi magana, jari ya tafi, suna ya tafi, ban san abin da zai biyo baya ba, abin da kawai zai dawo shi ne dattijo ɗaya ya sake zama a bakin hanya cikin mutane.

Ba na neman ku ce mini ban yi laifi ba. Ku da kuka san irin garuruwanmu, ku faɗa mini ta wace ƙofa ake shiga da irin wannan magana ba tare da wani ya ji ciwo ba. Yau Talata. Don girman Allah, ni yanzu me zan yi?