Wainar Basirka da Allurar da Aka Kulle

Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Gwaggo Kaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Ashiru da duk mutanen gidanku na Fatakwal. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da kika tafi da shi, ya buɗa wa Alhaji kasuwa, ya raya yara. Mu nan muna lafiya gwargwado. Damina ta yi kyau, geron gonar Wurno ya fitar da kai, Baba kuma yana nan yana kai hatsi Kano kamar yadda ya saba. Inna ta warke daga murar da ta dame ta. Ɗanki Yaya Ubaidullahi yana fita shagonsa kullum, amaryarsa Anti Basma ta saba da gida, har ta fara shigowa wurinmu hira da yamma.

Gwaggo, kin san ni ba mai magana ba ce. Duk lokacin da kika kira Inna ta miƙo mini waya, daga gaisuwa ba na iya ƙara komai, ina jin muryarki sai harshena ya ɗaure. Shi ya sa na ɗauki biro. Kawu Salihu zai yi lodi zuwa wajenku, ya ce zai miƙa miki takardar hannu da hannu. Ina roƙon ki karanta ta har ƙarshe ko da ranki zai ɓaci, domin nawa ya daɗe da ɓaci, kuma ke ce sanadi.

Zan fara da bayanin da ba ki taɓa tsayawa kin saurara ba. Ciwon sugan da nake da shi tun ina ƙaramar sakandare irin wanda jiki ba ya yin insulin ne ko kaɗan, sai an sa masa ta allura. Allurata iri biyu ce. Akwai ta safe da yamma, wadda aka auna daidai da abincina na kullum, ɗan tuwo, wake, ganye. Akwai kuma mai saurin aiki, wadda take kama da biro, likita ya ba ni ita domin ranar da abinci ya wuce na kullum, kamar ranar biki ko suna ko Sallah, inda babu komai sai waina da shinkafa da alkaki da fura. Ya zauna ya koya mini yadda zan dubi kwano in ƙiyasta abin da zan ci, in gwada jinina, sannan in murɗa allurar daidai da hakan. Da ita kuma nake sauko da suga idan ya hau. Sharaɗi ɗaya ya yi ta nanata mini har na haddace: kada in yi ta sai abinci yana gabana, kuma na tabbata zan ci shi ba tare da jinkiri ba. Da zarar ta shiga jiki babu mai fito da ita. Ba ta san surukai ba, ba ta san kunya ba, aikinta kawai za ta yi.

Ranar da muka tafi Basirka ɗauko Anti Basma na gaya miki wannan, a gidan Inna Batulu da muka tsaya sallar azahar a Gwaram. Kin gan ni ina sa allurar da na'urar gwaji cikin jakata, kika ja ni bayan ɗaki kika ce ba za a shiga gidan surukan ɗanki da wannan kaya ba. Kika ce idan mutanen Basirka suka ga yarinya tana soka wa kanta allura za su ce ciwo ne a jinin gidanmu, su fara lissafin jikokin da ba a haifa ba. Na ce zan ɓuya in yi a banɗaki, kika ce gidan biki ba shi da maɓoya. Kika ce in yi abata a nan Gwaram in huta, ai muna isa za a ajiye abinci, kuma kin ji an kwana ana suyar waina. Na ce likita ya hana, kika tambaye ni ko likitan ne zai zauna da surukan. Na ƙiyasta waina da shinkafar da zan ci, na yi allurar a gabanki. Jakar kuma kika sa aka bar ta cikin bas, har da alawar da nake yawo da ita saboda irin wannan rana.

Abincin kam an ajiye, ba ki yi ƙarya ba. Muna zama aka shigo da kwanuka a rufe, ƙamshin miyar taushe ya cika ɗakin, ga kunun gyaɗa a bokiti, ga lemon kwalba. Sai kika bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gane. Dangin ango ba za su buɗe kwano ba sai an gama nasiha an danƙa amarya, gwaggonninta sun fita daga ɗakin, kada a ce mun zo da yunwa. Su kuwa tsofaffin suka miƙe ƙafa suna tsokanarmu. Wata mai goro a baki ta tambaya ko mutanen Birnin Kudu sun fara azumi ne ba a ga wata ba, wata ta ce a'a, wainar ƙauye ce ba ta kai ta birni ba. Aka yi ta dariya. Kika amsa da cewa mun ci mun ƙoshi kafin mu taso, alhali tun karin safe babu abin da ya shiga cikina sai allurar da kika sa ni yi.

Ina zaune kusa da ke lokacin da gumi ya fara keto mini. Hannuna ya kama rawa, zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwana, fuskokin mutane suka fara rabuwa biyu. Na matso na raɗa miki cewa sugana yana sauka, in ban ci wani abu yanzu ba zan faɗi. Kika ce in yi haƙuri an kusa. Da na ji abin ya fi ƙarfina na miƙa hannu kan kwanon da ke gabana, sai kika mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi, kina murmushi wa matan, kika ce ba 'yar ƙaninki ce za ta zama ta farkon buɗe kwano a gidan nan ba. Shatin ya yi kwanaki a jikina. Waina tana gabana, Gwaggo, tazarar hannu ɗaya, ni kuma hankalina yana tafiya.

Sauran labarin Yaya Mansura ce ta ba ni, domin ni sama-sama nake tunawa. Ta ce na sulale na jingina da bango ina maganar da ba a ganewa. Matan suka rikice, wasu suna cewa iska ce, wata ta tafi ɗebo garwashi za a yi hayaƙi. Yaya Mansura ce ta tsallake kwanukan ta fizgi lemo ta buɗe, ta tallafe kaina ta yi ta ba ni da kaɗan-kaɗan tun ina iya haɗiyewa, sannan ta bi da kunu. Da ta tsaya neman izininki, da ban san wa zai rubuta miki wannan takarda ba. Ta ce ina buɗe ido abin da kika fara faɗa wa mutanen gidan shi ne zafin mota ne, dama ni raguwa ce tun ina ƙarama.

Duk wannan da na haɗiye shi. Ke babba ce, bikin ɗanki ne, kuma na ɗauka kin tsorata kamar yadda kowa ya tsorata. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da kika yi bayan kin koma. Kin kira Baba kin ce kwaɗayi ne ya kayar da ni, wai ina ƙara wa kaina allura don in ci kayan zaƙi, har na yi ta fiye da kima. Kin ce bai kamata a bar wa yarinya irin wannan abu a hannu ba, a karɓe, in tsaya kan wake da ganye kamar maƙwabcinku da yake shan ƙwaya kawai yana zaune lafiya. Ciwon maƙwabcinku daban, nawa daban. Kuma ba ki gaya wa Baba zancen bayan ɗakin Inna Batulu ba, ba ki gaya masa zancen jaka ba, ba ki gaya masa mintsini ba. Ni na san awon da na yi daidai ne da abincin da aka ajiye. Abincin ne aka hana ni.

Baba ya karɓe allurar a ranar. Tana cikin ƙaramin akwati a firjin shagonsa, makullin yana aljihunsa, aljihun kuma rabin mako yana Kano. Yaya Mansura ta ba shi labarin yadda aka yi, ya ce ita yarinya ce, ba za ta ƙaryata Yayarsa ba. Inna ta roƙe shi ya je ya ji ta bakin likita, ya ce ke kika riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarku, bai taɓa tsallake maganarki ba, ba kuma zai fara a kaina ba. Ya ce bakinki ne ya kulle akwatin, bakinki ne zai buɗe shi.

Ga abin da hakan ya jawo. Makon da ya wuce na yi zazzaɓi, suga ya hau ya ƙi sauka duk da ban ci komai ba sai ɗan farfesu. Na wuni ina shan ruwa ina zaryar banɗaki, bakina a bushe, na'ura tana nuna lambar da ban taɓa gani ba, abin da zai sauko da shi kuma yana kulle, Baba yana Kano. Sai da Inna ta sa ni a babur zuwa asibiti aka yi mini irin allurar da take cikin akwatin. Nas ɗin ta tambaya ina tawa, Inna ta sunkuyar da kai. Yanzu ga hutu ya zo ƙarshe, kuma ajin ƙarshe zan shiga. A makarantar kwana ba ni nake zaɓar abinci ba, ranar shinkafa shinkafa ce, ranar gari gari ne. Da allurar nan nake bin waɗannan ranaku tun da aka ba ni ita, ban taɓa faɗuwa a makaranta ko sau ɗaya ba. Ba tare da ita ba ko dai in zauna da yunwa ko in ci in kwanta ciwo.

Abin da nake nema ɗaya ne. Ki kira Baba kafin mu koma makaranta, ki ce ya mayar mini da allurata. Ban ce ki ba ni haƙuri ba, ban ce ki gaya masa abin da ya faru ba idan yana yi miki nauyi. Ki ce kawai kin sake tunani.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani. Anti Basma ba ta yarda da zancen zafin mota ba. Ta tambaye ni ba sau ɗaya ba, ta ce mahaifiyarta har yanzu tana cikin damuwa, tana zaton wani abu ne a gidansu ya taɓa ni, har ta sa an yi saukar Alƙur'ani a ɗakin. Duk lokacin da ta tambaya sai in sunkuyar da kai in canza magana, saboda girmanki. Idan na ɗaure akwatin makaranta allurata ba ta ciki, ranar zan shiga ɗakinta in amsa mata tambayar tun daga Gwaram har zuwa mintsini, in kuma nuna mata na'urar da tabon allura a cikina. Ita za ta san yadda za ta kai labarin Basirka. Ni ban iya ƙarya ba, shiru kawai na iya, shi ma ya kusa ƙarewa.

Ki gaida Alhaji Ashiru da kyau. Ki gaida Yaya Rabi'u da iyalinsa, da Hadi da Ummussalma, ki ce ina yi musu fatan alheri a karatunsu. Inna tana gaishe ki, ba ta san abin da na rubuta ba, kada ki ɗora mata. Yaya Mansura ta sani, ta ce ba sai na sa gaisuwarta ba. Wayar Baba tana kunne kullum bayan sallar asuba kafin ya fita.

Wassalam.

'Yar ƙaninki,
Kubra Barau