Baba Ya Ce In Kafa Masa Ƙaho A Ɓoye

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni wanzami ne a Yelwa. Tun sabon yanke Kebbi daga Sakkwato Babanmu ya cire ni daga makaranta ya rataya mini zabira, wai ni ne babba ni zan gaje shi, ƙanena kuwa aka bar shi ya yi boko, yanzu nas ne a Wara. Shekara da shekaru Baba na fama da ciwon ƙugu mai sauka ta cinya har tafin ƙafa, ni nake kafa masa ƙaho duk wata, in na gama ya sa mini albarka har in ji kaina ya kumbura.

Da sallar bara ƙanena ya zo, ya ga ko masallaci Baba zai je sai ya tsaya sau uku a hanya, ya taɓa ƙafarsa ya ji sanyi ƙalau, ya kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙugu da ƙafa ne suka yi tauri suka tsuke, jini ba ya isa sosai, kuma tabar da Baba ke sha na cikin dalilan. Aka ɗora shi kan magunguna har da na tsinka jini, aka ce ko aska kar ta kusance shi, don jinin zai yi wuyar tsayawa.

Wallahi da Baba ya samu sauƙi na yi murna, amma kishi ya ci ni. Kowa ya shigo gaisuwa sai Baba ya nuna ƙanena ya ce "likitana ya gano ciwon", ni da na san kowane tabo a bayansa na koma mai shimfiɗa tabarma. Har faɗa muka yi da ƙanena, na ce masa asibiti jiya ta zo, ya ce shekarun da na yi ina tsotsar jini su suka jinkirta magani. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙafar nan na sha jin sanyinta, ban taɓa kawo komai a raina ba.

To shekaranjiya ciwon ya ɗan motsa, Baba ya kira ni ɗaki ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kaɗai ka san bayana. Jumma'a ka taho da ƙaho, kak ka gaya ma ƙanenka." Jama'a, rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta. Na san haɗarin sarai, amma na ce masa to.

In na ƙi, na saɓa wa mahaifina, kuma na san wani wanzamin zai nema wanda bai san yana shan maganin ba. In na kira ƙanena, da bakina na sallama masa Baba ke nan. Ya zan yi? Yau Laraba, kuma kunya nake ji in faɗa muku, har na wasa askar.