Fuska Takwas a Tagar Annabi Nuhu

Troyes, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Gaspard,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maryse da yara. Yaya sanyin Montréal, ya sauka ko da saura? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙugun Baba ya warke, har ya jefar da sanda ɗaya, ɗayar kuwa ba dogarawa yake yi da ita ba, nuna kuskuren mutane yake yi. Tun da aka cire masa yanar ido babu abin da ke wuce shi, har ƙurar saman kabad ɗina ya gano. Maigidana Thibault yana nan da gwiwarsa da mitarsa, kamar yadda ka bar su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon waya shi ne, labarin nan ina so ka ajiye shi. Ka san shekara uku ke nan Baba yana barazanar sayar da shagonmu na zanen gilashin tagogin coci. To, bana magana ta wuce barazana. Wani mai gidan shan kofi ya zo har ya auna bango, aka sa Litinin ɗin makon jiya don sa hannu. Shagon da kakanmu ya kafa, inda muka tashi da warin dalma a rigunanmu, za a riƙa toya wainar ƙwai a cikinsa. Ni hannuna ya fara rawa, kai kuma ka tsallake teku ka bar mu da tanderu. Ban faɗa don in tsokane ka ba, ko da yake ka cancanta. Saura 'yata Capucine, wadda shekara tara ke nan tana aiki a teburinsa, amma hukuncin Baba a kanta bai taɓa canzawa ba. Wai hannunta ya cika gaggawa, wai gara ya rufe ƙofa da mutuncinsa da ya ga sunan gidanmu a kan aikin 'yan koyo. Ba na ɓoye maka, maganar nan ta sha hana ni cin abinci.

A watan Mayu, Baba yana asibiti, aka yi ruwan ƙanƙara, ta fasa fuska ɗaya cikin fuskoki takwas da ke leƙowa daga jirgi a tagar Annabi Nuhu, ta tsohon cocin unguwarmu inda aka yi mana baftisma. Capucine aka ba wa gyaran. Ta sauko da ɓangaren tagar, ta kwance dalmar da ke riƙe gilasansa, ta yi mako shida tana zana fuskar a kan gilashi tana gasawa a tanderu, sai a gwaji na goma sha ɗaya ta yarda da hannunta. Da Baba ya dawo gida ya ji labari a bakin maƙwabta, sai ya ce ai daga bakin ƙofar coci zai gane aikinta, da ido ɗaya a rufe ma. Ka san Capucine ba ta da yawan magana. Tana yanka burodi ta ce masa to, idan ya gane da kanta za ta tuƙa shi wurin sa hannu, idan kuwa bai gane ba ya bar mata mabuɗi. Baba ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ya yarda, kuma ta tabbata ta sha mai a mota.

Ranar Lahadi bayan sujada muka zauna har rana ta zagayo ɓangaren kudu. Shekara sittin ina shiga cocin nan, amma ranar ji na yi ginshiƙan sun ƙara tsawo. Shuɗi da ja suka zubo a kan duwatsun ƙasa, baƙi masu yawon buɗe ido suna ta ɗaga kai da baki a buɗe. Limamin cocin, Fada Anselme, wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin abin, ya kawo wa Baba kujera da kansa, ya koma bayan ginshiƙi yana yi kamar gyaran kyandir yake yi. Baba ya ɗora tabaran hangen nesa a ido, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, Annabi Nuhu da matarsa, 'ya'yansa uku da matansu. Ni dai addu'a nake yi.

Bayan kamar minti goma sha biyar, sai ya ɗaga sanda ya nuna ta biyu daga hagu, fuskar ɗan tsakiya. Ya ce ga ta nan, ko makaho ya shafa zai gane. Hanci kamar dankali, inuwar ƙarƙashin ido ta yi nauyi, wanda ya yi ta tsoron burushi yake ji. Bai ko rage murya ba, har baƙin suka juyo suna kallonmu. Ya ce da a zamanin ubansa ne, wannan fuskar kwandon shara za ta kwana.

Capucine ta ciro wayarta ta miƙa masa. Ka tuna al'adar sana'armu, duk wanda ya sa sabon gilashi a tsohuwar taga yakan karce haruffan sunansa da shekara a bakin gilashin, inda dalma za ta rufe, babu mai gani sai wanda ya sake kwance tagar. Da ta kwance ta, ta ɗauki hoton bakin kowace fuska. A bakin mai hancin dankali an karce F.V., 1963. Firmin Vauthier, Gaspard, Babanmu, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na ɗauka zai fashe da faɗa. Ya daɗe yana kallon wayar, ya sake ɗaga kai ya kalli tagar, sannan a hankali ya ce, “Ashe ubana ya ga wannan hancin, ya bar shi ya hau taga, har ya mutu bai taɓa ce mini komai ba.” Idanuna suka cika, Fada Anselme ma ya daina taɓa kyandir ɗinsa. Can Baba ya gyara murya ya tambayi Capucine wacce ce tata. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ce, “Haba Kaka, ai kai ne mai ido.” Ya sake ɗora tabarau, ya duba har rana ta bar tagar, bai nuna kowa ba.

A kan matakalar coci ya zaro mabuɗi daga aljihu ya danƙa mata, yana cewa ta riƙa rufe tanderu da kyau, kamar ba ita ke rufewa ba shekara tara. Litinin da sassafe shi da kansa ya kira mai gidan kofi ya ba shi haƙuri. Ni kuwa tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Duk wanda na haɗu da shi a kasuwa sai ya ji labari, har mai sayar da cuku ta fara ɓuya idan ta hango ni. 'Yata ce ta zauna cikin masu zanen shekara ɗari biyar, kuma idon da ya fi kowane ido a garin nan ya kasa ware ta daga cikinsu. Ina alfahari, kuma ba na jin kunyar faɗa. Har yau kullum da hantsi Baba yana cocin da tabaransa, ya kuma hana kowa gaya masa wacce ce fuskar Capucine.

Ka gaida Maryse, ka shafa mini kan Éloi da Bérénice, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Thibault da Capucine suna gaishe ku, haka ma Inna Léonie da ke ta tambayar ko ka yi ƙiba. Baba yana gaishe ka, ya kuma sa ni in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: ya daina jiran ka dawo ka karɓi shago, don haka ka daina gudun gida. Ka zo Kirsimeti, babu mai miƙa maka burushi, ɗansa kawai yake so ya gani.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Odile