Kunnen Oga Thaddeus da Agogon Baƙin Mai

Malama Khairat, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a. Na san filinki na matsalolin gida ne. To tawa ta mota ce, amma ta hana ni sakat.

Ni mai gyaran famfo ne a Kado. Bara na sayi tsohuwar mota mai turbo, na'urar nan da ke cusa wa injin iska don ƙarin ƙarfi, ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin cikin abu. Tun ina yaro rediyon gidanmu bai taɓa yin mako a haɗe ba. Jar fitilar nan ta gaban direba da ba ta kamawa sai ɓarna ta auku ba ta ishe ni ba, so nake in ga halin da injin ke ciki. Sai na sayo agogo uku: na iskar turbo, na zafin ruwa, na ƙarfin baƙin mai. Da hannuna na ɗaura su. Na ja waya, na sa fiyus, na ɗauki wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin injin yana aiko wa agogon baƙin mai da labari, sansa suke ce masa. Na naɗe bakinta da farin tef ɗinmu na famfo, zagaye goma, na ɗaure tam, ko ɗigo babu.

Biyu suna aiki lafiya, har nakan je Zuba ba gaira ba dalili don kawai in ga allurar turbo tana tashi. Na mai ne ya haukace. Yanzu yana sama, anjima ya faɗi ƙasa warwas.

Na kai wa Oga Thaddeus, makanikena na Apo. Shekara goma sha huɗu muna tare. Shi ne ya rufe garejinsa ya zo har Tafa ya janyo akwalata ta farko, ga matata da tsohon ciki a gefen titi. Ya ɗora sukundireba a kan injin, ya kara kunne, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ni kuma na yi suɓutar baki a gaban kwastomominsa, na ce zamanin kunne ya wuce, agogo ba ya ƙarya. Ya goge hannu ya miƙo min makullina. Sau uku ina kira bai ɗauka ba.

Juma'a zan kai mahaifiyata Zariya. Wa zan gaskata? Me ke sa allura rawa haka? Wallahi ina son sani. Amma abin da ya fi ci min rai, kada in rasa mutumin nan.

Mai Famfo, Kado

Mai Famfo, sannu. Wasiƙarka ta kai ni har wurin mai gyaran wutar mota, abin da filin nan bai taɓa sa ni ba. Ina karanta masa, da na kai kan tef sai ya fashe da dariya. Ya ce irin sansar nan mai waya ɗaya, ta jikin ƙarfen injin wutarta ke komawa. Kai kuwa ka naɗe ta kamar bututun banɗaki, ka raba ƙarfe da ƙarfe, dole allura ta yi ta rawa. Hannunka ne ya yi abin da ya saba.

Amma fa zato ne, bai ga motar ba. Kai ma kana da taka gaskiyar: ba komai kunne ke ji ba, turbo kuwa ba ta jure ƙarancin mai. Kada ka ɗauki Hajiya sai an cire sansar, an tsince tef ɗin tas don kada guntunsa ya bi hanyar mai, an gwada da agogon gareji mai tiyo. In hakan bai samu ba kafin Juma'a, ku shiga motar haya.

Wanda zai yi gwajin kuwa Oga Thaddeus ne. Bar kiran waya, ka taka da ƙafarka. Magana zarar bunu ce: a gaban mutane ka kunyata shi, a gabansu za ka ba shi haƙuri. Kuma haƙurin ya riga gwajin. In sai ka ga shi ne da gaskiya sannan ka rusuna, zai gane ba dominsa ka zo ba. Ko da agogon ne ya yi daidai, abin da ka faɗa masa bai yi daidai ba.

Ka je gobe da hantsi, lokacin da garejin ya cika. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai Hajiya Zariya lafiya.